Shekara biyu ina sayen kayan wata masana'antar masu nakasa: abin da ya gamsar da ni da abin da ya rage

Jakar da nake ratayawa zuwa wurin aiki ta cika shekara biyu a kafaɗata a watan da ya wuce, kuma har yanzu babu inda ɗinkinta ya saki. Jaka ce ta saƙi mai kauri, an yi mata shafi da yadin auduga, an fitar mata da aljihu biyu a ciki, maratayinta kuwa na fata ne da aka ɗinke da hannu. Kullum tana ɗauke da kwamfuta da littafin rubutu da gorar ruwa, ta sha rana ta sha ƙura, sau biyu kuma ruwan sama ya jiƙa ta sharkaf. Na fara da ita ne domin ita ce hujjata mafi ƙarfi a kan duk abin da zan faɗa game da masana'antar da ta yi ta, wadda kusan duk ma'aikatanta masu nakasa ne: kurame, da makafi, da waɗanda cutar shan inna ko haɗarin mota ya raba su da tafiya da ƙafa.

Da gangan na bar sunan wurin. Zan ambaci laifuffukan da na gani, waɗanda na riga na faɗa wa masu wurin baki da baki, kuma ba na son mai karatu sama-sama ya tsinci laifi ɗaya ya yi ta yayatawa har ya jawo wa mutanen da ke cin guminsu asarar ciniki. Bayan haka, yawancin abin da zan faɗa ya shafi kowace masana'anta irin wannan. Ma'aunin da na auna su da shi kuwa shi ne wanda zan auna kowane tela ko baduku ko masaƙi da shi, ban rage masa ko ƙwaya ba.

Sanadin saninmu wani taron ƙara wa juna sani ne da aka ɗora mini alhakin shirya shi a wurin aikinmu. Ana bukatar jakunkuna sittin da littattafan rubutu sittin da za a raba wa mahalarta, sai wata abokiyar aiki ta ba da shawarar a gwada wannan wuri maimakon a sayo na kamfani. Tsakani da Allah, ranar da na fara zuwa da niyyar taimako na je, na kuma riga na shirya a raina cewa zan kau da kai daga 'yan kurakurai saboda halin masu aikin. Abin da na tarar shi ne wurin kasuwanci sosai, mai rajista, mai littafin oda, mai lokacin shiga da na tashi. Bambancinsa da sauran kamfanoni shi ne ba a raba ribarsa ga masu hannun jari, ana mayar da ita ne cikin albashi da horar da sababbin ma'aikata da sayen kayan aiki. Manajan bai tsaya ba ni labarin tausayi ba. Ya tambaye ni guda nawa nake so, da yaushe nake so, sannan ya miƙa ni ga shugabar sashen ɗinki.

Wannan baiwar Allah kurma ce, kuma a sashenta na fara gane cewa an tsara wurin da tunani. An jera kekunan ɗinki suna fuskantar juna maimakon su fuskanci bango, domin masu maganar hannu sai suna ganin juna suke iya magana. A saman ƙofa akwai jar fitila da ke walƙiya in an danna daga waje, ita ce ƙararrawarsu, ita ce kuma ke sanar da lokacin hutu. Da na nuna mata hoton irin jakar da nake so, sai ta jawo takarda ta rubuta: "Malam, me za a riƙa sakawa a ciki?" Na rubuta mata cewa littafi ne da biro da 'yan takardun taro. Ta girgiza kai, ta sake rubutawa: "Bayan taro za su sa kwamfuta ko ba a ce su sa ba. Bari mu ninka gindin, mu ƙara ɗinki a inda maratayi ya haɗu da jiki." Shekara biyu ke nan, kuma na ga da idona cewa gaskiyarta ce, don kusan duk abokan aikina da suka karɓi jakar kwamfuta suke sakawa a ciki.

Na tsaya na kalli yadda take duba aikin da aka gama kafin ya fita daga ɗakin. Kowace jaka sai ta juya cikinta waje, ta bi layin ɗinkin da babban yatsa, ta kama kusurwa biyu ta ja da ƙarfi, sannan ta ɗaga ta zuwa hasken taga ta duba ko kalmasa ta karkace. Wadda ba ta yi mata ba sai ta shata mata alama da alli ta mayar wa mai ita, babu faɗa babu murmushi. A cikin ɗan zaman da na yi ta mayar da guda uku, ɗaya ma ni ban ga aibinta ba sai da ta nuna mini inda zaren ƙasa ya yi sako-sako tsawon ɗan yatsa. Na daɗe ina hulɗa da teloli, kuma ba kasafai nake ganin wanda ke ƙin aikin shagonsa da kansa tun kafin mai kaya ya yi magana ba.

A sashen saƙa abin da ya ɗauki hankalina shi ne yadda aka gyara kayan aikin su dace da jikin mai aiki. Masaƙar da aka saba da ita tana bukatar ƙafa biyu, da su ake taka matakan da ke ɗaga zare ya buɗe wa ƙoshiya hanya. Masaƙin da na zauna kusa da shi ƙafafunsa ba sa aiki, don haka aka cire matakan aka sa wani mariƙin katako a gefen damansa, yana ja da hannu ɗaya yana wurga ƙoshiya da ɗayan, aka kuma ɗaga masaƙar yadda kekensa na guragu zai shige ƙarƙashinta. Saurinsa bai kai na mai taka ƙafa ba, shi da kansa ya faɗa mini haka, amma bakin saƙinsa a miƙe yake kamar an ja da layi, kuma duk wanda ya san saƙa ya san a bakin ƙyalle ake gane gwani. Can ciki akwai makafi biyu masu saƙa kwanduna. An zuba musu kayan saƙar a mazubai daban-daban bisa launi, kowane mazubi da wurinsa da ba ya canzawa, kuma doka ce a ɗakin ba a matsar da komai daga inda yake, ba a kuma ajiye komai a kan hanya. Da na jingine jakata a gefen hanyar, nan take wani ma'aikaci ya ɗauke ta ya rataye a ƙusa, ya yi mini bayani cikin ladabi.

Yanzu ga kayan kansu. Jakunkunan su ne gwanintar wurin, kuma yabon gwani ya zama dole. Saƙin yana da nauyi a hannu, shafin bai rabu da jiki ba, fatar maratayin ta yi laushi da amfani ba tare da ta tsage ba. Rauninsu ɗaya ne, wato zik. A cikin jakunkuna sittin ɗin, bakwai zik ɗinsu ya lalace kafin a cika wata shida, wasu haƙoran suka buɗe, wasu kan ya ɓalle. Ba su suke yin zik ba, sayowa suke yi, amma mai saye ba ruwansa da wannan bayani, jaka ya saya kuma jakar ce ta ƙi rufuwa. Abin takaici ne a ɓata kwanaki ana saƙa da ɗinki na ƙwarai sannan a liƙa masa zik mai arha. Sai dai da na tattara bakwai ɗin na mayar, ba su yi gardama ba, ba su nemi ko sisi ba, suka canza musu zik na ƙarfe cikin mako guda, kuma daga baya na lura duk sababbin jakunkunan da ke kan kanta irin wannan zik ɗin ne a jikinsu.

Littattafan rubutun kuwa sai an yi zaɓi da hankali. Takardar suna yin ta ne daga tsofaffin takardun ofisoshi: a yayyaga, a jiƙa, a dama har ta zama kamar kunu, a tsoma wani firam mai raga a ɗebo, a matse ruwan, a shanya. Tana da kyan gani da daɗin taɓawa, kuma a matsayin bango babu abin da ya fi ta. Amma ni na yi kuskuren cewa a yi shafukan ciki ma da ita, sai ga shi biro yana tuntuɓe a kanta, alƙalami mai ruwan tawada kuwa nashewa yake yi har ya ɓullo ta baya. Suna da wani nau'in mai bangon hannu da farar takardar inji a ciki, shi ya kamata mai son rubutu ya nema, kuma da an faɗa mini haka tun farko kamar yadda aka faɗa mini zancen gindin jaka, da na gode. Ɗinkin littafin dai ba shi da makusa, da zare aka ɗinke shi, yana buɗewa ya kwanta shimfiɗe a tebur, kuma nawa har ya cika ko shafi ɗaya bai fita ba.

Inda na fi jin haushi shi ne rini. Na sayi wani ƙyallen shimfiɗa a tebur mai launin shuɗi mai duhu, aka haɗa shi da sauran kaya a wankin farko, ya zuba, ya ɓata farar riga guda. Rinin hannu mai duhu yakan zuba a wankin farko, wannan sananne ne ga wanda ya saba, amma ba kowane mai saye ne ya saba ba, kuma babu ko 'yar takarda a jikin ƙyallen da ta ce a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi. Layi ɗaya na rubutu ya isa ya hana wannan ɓarna. Ƙananan kaya irin su maƙalin makulli da abin wuya na tsakiyar gilashi ba su da laifi, amma ba su da wani abin da ya bambanta su da waɗanda ake gani a kowane shagon tsaraba, don haka ban ga dalilin da zai sa mutum ya yi tattaki dominsu ba. Kwandunan kuwa suna da ƙarfi, gindinsu a zaune yake daram, ɗaya daga ciki nake zuba kayan wanki tun bara.

Zancen cika alkawari ma sai an faɗe shi. An ce mini mako huɗu, aikin ya kai mako shida. Allah ya sa na bar tazara, don haka kayan suka iso saura kwana uku a fara taro, amma na kwana da fargaba. Da na bincika, dalilan masu karɓuwa ne: fatar da suka yi oda ta makara, ma'aikata biyu sun kwanta rashin lafiya, ga kuma ruwan sama da ke hana masu keken guragu fitowa in hanya ta caɓe. Jinkirin bai dame ni kamar shirun da aka yi mini ba, domin sai da na aika saƙo sau uku kafin a gaya mini halin da ake ciki. Da na je na yi ƙorafi, manajan ya ce, "Ranka ya daɗe, nauyin sanar da kai muka ji, muna ta sa ran za mu cim ma lokacin." Na ce masa mai oda ya fi son ya ji labari marar daɗi da wuri a kan ya ji shi a ƙurarren lokaci, kuma babban kamfanin da zai iya ba su aikin ɗaruruwan jakunkuna ba zai dawo ba in aka yi masa haka sau ɗaya. A odar da na yi bayan wannan, an riƙa turo mini hoton inda aiki ya kai kowane mako ba tare da na tambaya ba. Wanda zai yi hulɗa da su daga nesa ya sani cewa saƙon rubutu ya fi kiran waya saurin samun amsa, tun da masu kula da odar ɗinki kurame ne, kuma launin da ke cikin hoton waya yakan ɗan fi na zahiri haske, don haka gara a nemi su aiko da ɗan yankin ƙyalle kafin a yanke shawara a kan oda mai yawa.

Kayansu sun fi na kamfani tsada, babu shakka. Aikin hannu ne, ana sayo kayan haɗi kaɗan-kaɗan ba a kan farashin sari ba, sabon ma'aikaci yana shafe watanni yana koyo kafin aikinsa ya kai na sayarwa, akwai tafinta na maganar hannu, akwai kuɗin gyara injina da kujeru, akwai kuma taimakon sufuri ga waɗanda motar haya ba ta ɗaukar su da kekensu. A kan jaka da kwando, ƙarin kuɗin ya biya kansa, domin da jakar kamfani ce, da na canza ta aƙalla sau biyu a cikin shekara biyun nan. A kan ƙananan kayan tsaraba kuwa, ƙarin bai zo da wani ƙarin inganci ba.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai fiye da zik da rini, shi ne 'yar takardar da ake ratayawa a jikin kowane kaya. An buga hoton wani ma'aikaci a kan kekensa, an ɗauko hoton ta yadda keken ya fi fuskarsa fitowa, a ƙasa kuma an rubuta kalaman da ke roƙon mai saye ya taimaka wa marasa galihu. Babu sunan wanda ya yi kayan, babu bayanin irin zaren, babu yadda za a wanke. Na fahimci dalilin, domin tausayi yana buɗe aljihu, kuma wurin da ke fafutukar biyan albashi a ƙarshen wata zai kama duk igiyar da ya samu. Amma a ganina wannan takarda tana rage darajar aikin da ke jikinta. Wanda ya saya don tausayi sau ɗaya yake saye, ya kai gida ya ajiye, kuma ba zai dawo da ƙorafin zik ba saboda yana ganin sadaka ya yi, ta haka sai masana'antar ta rasa gyaran da take bukata. Matar da na gani tana mayar da jaka uku saboda zare ya yi sako-sako ba ta cancanci a sayar da aikinta da sunan roƙo ba. Na tambayi masaƙin nan ra'ayinsa a kan takardar, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi dai da a ce sunansa aka rubuta da ya fi so, domin in ƙyalle ya yi kyau a san nasa ne, in ya ɓaci ma a san wanda za a nema.

Ba a yi wa irin wannan wuri adalci in aka tsaya a kan kaya kawai, domin rabin abin da suke sayarwa alkawari ne cewa kuɗin mai saye yana samar wa masu nakasa aiki mai mutunci. Bukatar kuwa babba ce. A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai tsanani, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, kusan mutum ɗaya cikin kowane shida. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 159 a kan horar da su da sama musu aiki tun 1983, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙoƙin Masu Nakasa ranar 13 ga Disamba 2006, ta fara aiki ranar 3 ga Mayu 2008. Sashe na 27 na wannan yarjejeniya ya yi maganar haƙƙin samun abin rayuwa ta hanyar aikin da mutum ya zaɓa da kansa, a kasuwar aiki da ke buɗe ga kowa, da albashi daidai a kan aiki daidai.

A nan ne tambaya mai nauyi take. Tara masu nakasa a wuri guda su kaɗai tsohuwar dabara ce, kuma tarihinta ba duka ne mai daɗi ba. A Amurka, dokar ƙwadago ta 1938 ta ba da damar a biya masu nakasa ƙasa da mafi ƙarancin albashi in an samu takardar izini, abin da masu fafutuka suka daɗe suna yaƙa. A Birtaniya, gwamnati ta kafa kamfanin Remploy a 1945 domin sama wa masu nakasa aiki a masana'antu na musamman, ya yi shekaru da dama yana aiki, har aka rufe na ƙarshen masana'antunsa a 2013, wasu na cewa ware mutane ya daina dacewa da zamani, ma'aikata da yawa kuwa na kukan an raba su da aikin da suka dogara da shi. A 2022 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke sa ido a kan yarjejeniyar ya fitar da sharhinsa na 8, inda ya nuna cewa wuraren aiki na keɓe ba su ne cikar haƙƙin da sashe na 27 ya tanada ba. Don haka mai saye yana da damar ya tambaya: wannan wuri gada ce da ake hayewa zuwa tsayawa da ƙafar kai, ko kuwa ɗaki ne da aka rufe mutane a ciki?

Na yi wa manajan wannan tambaya kai tsaye, na kuma yi wa ma'aikata uku ita a bayan idonsa, amsoshin suka zo ɗaya. Akwai albashin wata da ba ya sauka, akwai ƙari bisa yawan abin da mutum ya gama, akwai takardar ɗaukar aiki, akwai hutun rashin lafiya. Mutum yana da 'yancin tafiya in ya ga dama, kuma wasu da suka koya a nan sun buɗe nasu shagunan, har masana'antar tana tura musu aiki in oda ta yi mata yawa. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Abin da bai kwantar mini ba shi ne ofis. Shugabannin sassa masu nakasa ne, amma manaja da akawu da mai kula da tallace-tallace duk ba su da nakasa, kuma su ne ke yanke farashi, su ne suka zaɓi hoton da ke kan takardar nan. Ina da yaƙinin cewa da masaƙin nan ko shugabar ɗinki na zaune a teburin da aka yanke wannan shawara, da wata takarda daban aka buga. Haka kuma ba sa wallafa rahoton kuɗin shekara, alhali bayyana gaskiyar lissafi yana cikin ƙa'idoji goma da Ƙungiyar Cinikin Adalci ta Duniya ta shimfiɗa wa mambobinta, kuma wurin da ke cewa ribarsa ta ma'aikata ce zai ƙara samun amincewa in ya manna shafi ɗaya na lissafi a bangon shago.

Ba sai sun ƙirƙiro hanya daga babu ba, akwai waɗanda suka riga su. Bombolulu a Mombasa ta ƙasar Kenya tana aiki tun 1969, tana yin kayan ado da na fata da sassaƙa da ɗinki, a ƙarƙashin ƙungiyar masu nakasar jiki ta ƙasar. Neema Crafts a Iringa ta Tanzaniya ta fara a 2003 da samari kurame uku masu yin takarda daga kashin giwa, yanzu tana da ma'aikata fiye da ɗari, da wurin shan shayi da kurame ke gudanarwa. Shanga a Arusha, wadda aka kafa a 2007, ta yi suna wajen narka tsofaffin kwalabe a hura su su zama kofuna da tsakiya, kuma baƙi na shiga su kalli aikin da idonsu. Reaching Out a garin Hoi An na ƙasar Biyetnam, da ta fara a 2000, wani mai tafiya a keken guragu ne ya kafa ta tare da matarsa. Abin da na lura ya haɗa waɗannan wurare shi ne kowannensu yana da wani kaya ko wata hidima da aka san shi da ita, har mutum ya neme ta don kanta. Masana'antar da nake magana a kai tana da irin wannan kaya a hannunta, wato jakar saƙin nan, kuma da ni ne da na rage tarkacen tsaraba na mayar da hannaye da yawa kanta.

Shagon da ke gaban masana'antar yana da gangaren siminti a ƙofa da hanya mai faɗi, mai keke yana shiga ya juya ba tare da an ɗaga shi ba, ko da yake an jera wasu kayan a kanta mai tsawo da wanda ke zaune ba zai kai hannu ba. Ana barin mai saye ya leƙa ɗakunan aiki in ya nemi izini, sai dai ba a ɗaukar hoton kowa sai da yardarsa, kuma na ji daɗin ganin ana tsayawa a kan wannan doka ko da baƙon ya nuna rashin jin daɗi. Wanda ke neman jakunkunan taro ko kyautar ma'aikata zai samu biyan bukata a nan, muddin ya ba da oda da wuri, ya ƙara mako biyu a kan abin da aka ce masa, ya nemi a yi masa samfuri ɗaya ya gani kafin a yanka sauran. Wanda ke bukatar ɗaruruwan kaya cikin 'yan kwanaki kuwa gara ya nufi wani wuri, domin hannu ba ya gudun inji.

Makonni uku da suka wuce na koma karɓar jakunkuna goma sha biyu da na yi oda. Tsohuwar takardar mai hoton keke tana nan a jikinsu, manajan ya ce sun buga da yawa, sai sun ƙare za a sake, kuma ya nuna mini zanen sabuwar, mai gurbin sunan wanda ya yi kayan da layi biyu na yadda za a wanke. Shugabar ɗinki ba ta jira wannan ba. Ta kira ni da hannu, ta ɗauki jaka ɗaya ta juya cikinta waje kamar yadda ta saba, ta nuna mini ƙasan aljihun ciki, inda aka ɗinka haruffa biyu da jan zare. Ta nuna wata yarinya da ke kan keken ɗinki na uku daga taga, wadda ta shigo koyo a lokacin odata ta farko. Na duba sauran goma sha ɗayan ɗaya bayan ɗaya, na tarar kowace da haruffan wadda ta ɗinka ta, biyar daga ciki na yarinyar nan ne.